Fom Mai Fuska Biyu: Tsara Fom na Intanet Don Duba Bayani da Gyara Shi

1.0 Gabatarwa

A shekarar da nake neman shiga makarantar gaba da sakandare, na tashi daga Zadawa da sassafe zuwa Azare domin cike wani fom a shagon intanet. Layi ya yi tsawo, babu wutar lantarki sai janareta, mai shagon kuma yana sauri kada mai ya ƙare masa. Ya tambaye ni sunana, na faɗa, ya buga. Ya tambayi ranar haihuwata, na faɗa, ya buga. Ni kuwa bayan kwamfutar nake kallo, ban ga abin da yake rubutawa ba. Sai da aka miƙo mini takardar da aka gurza, sannan na ga an sauya harafi guda a sunan mahaifina, an kuma mayar da ranar haihuwata wata, watan kuma rana. Kuskuren da aka yi cikin minti biyu ya ci mini tafiya uku zuwa Azare, da kuɗin takardar rantsuwa, da zullumin makonni.

Na daɗe ina ɗora wa mai shagon laifi. Daga baya na fahimci cewa wanda ya tsara fom ɗin yana da nasa kason. Fom ɗin bai tsaya ya nuna mana abin da aka rubuta kafin a tura ba, bayan an tura kuma bai bar ƙofar gyara ba.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda ake tsara fom na intanet wanda zai yi aiki biyu, wato nuna wa mutum bayaninsa da kuma ba shi damar gyara shi. Wani zai ce ina ruwan ɗalibin harshe da aikin masu kwamfuta? Amsar ita ce, mafi yawan abin da ido yake gani a fom kalmomi ne, abin da ake zubawa cikinsa kuma sunaye ne na mutane da garuruwa. Wannan kuwa fagenmu ne.

2.0 Fom da Sassansa

Kalmar fom ararriya ce daga Ingilishi, amma ta zauna daram a bakin Bahaushe, har ta samu aikatau da take tafiya da shi, wato cike fom. A intanet, fom shafi ne da aka tanadi wuraren da mutum zai rubuta ko ya zaɓi bayani. Sassansa guda biyar ne:

(a) Laƙabi: kalmar da ke faɗin abin da ake so, kamar Suna ko Lambar waya.
(b) Gurbi: akwatin da ake rubutu a ciki.
(c) Jerin zaɓi: inda ake zaɓar abu ɗaya daga cikin waɗanda aka jero, kamar sunayen jihohi.
(d) Maɓalli: wurin da ake dannawa don a zartar da aiki.
(e) Saƙo: abin da fom yake faɗa wa mai cikewa, na kuskure ko na nasara.

Abin da aka rubuta ba ya zama a waya ko kwamfutar mai cikewa. Manhajar buɗe shafuka, wadda ake kira burauza, tana tura shi zuwa wata babbar kwamfuta mai suna sabar, ita kuma ta ajiye shi a rumbun bayanai. Ayyuka huɗu ake yi wa kowane bayani da ke cikin wannan rumbu: shigarwa, dubawa, gyarawa, da sharewa. Na biyu da na uku su ne batunmu.

Tim Berners-Lee ne ya gabatar da tsarin shafukan intanet a shekarar 1989, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba. Harshen da ake rubuta shafukan da shi ana kiran sa HTML, kuma ƙa'idarsa ta shekarar 1995 ta ƙunshi yadda ake yin fom. A Nijeriya, fom ɗin intanet ya shiga rayuwar talaka ne sannu a hankali. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, sannan a 2021 ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ga mai yin rajista. Ke nan yaron da ya tashi a Zadawa ko Madara ko Chinade, in dai yana son shiga jami'ar jiha da ke Gadau ko wata jami'a, sai sunansa ya ratsa fom fiye da ɗaya, kuma dole ya fito iri ɗaya a dukansu.

3.0 Fuskar Dubawa da Fuskar Gyarawa

Mu ɗauki misalin rijistar malamin aji. Idan shugaban makaranta yana son sanin ko yaro ya zo jiya, buɗe littafin zai yi ya karanta. Idan kuwa an rubuta sunan yaron ba daidai ba, sai an ɗauko biro. Karatu da rubutu ayyuka ne daban, kuma babu mai hankalin da zai riƙa bin layukan rijista da buɗaɗɗen biro yana karatu.

Haka abin yake a fom. Mai dubawa yana son rubutu tsaf, babba, cikakke, wanda zai iya gurzawa a takarda. Mai gyarawa yana buƙatar gurabe, da jerin zaɓi, da bayanin abin da aka yarda a rubuta. Kuskuren da masu tsarawa suka fi yi shi ne su yi fom ɗaya na shigar da bayani, sannan su riƙa buɗe shi ga duk wanda ya zo dubawa kawai, don gudun aiki biyu. Illar wannan uku ce. Ta farko, mai duba bayani a waya yana jan shafi da yatsa, yana iya taɓa jerin zaɓi ya sauya wani abu bai sani ba. Ta biyu, gurbi yana yanke dogon rubutu, sai a ga farkon adireshi ba a ga ƙarshensa ba. Ta uku, mutum ba ya iya bambance abin da ke cikin rumbu da abin da ya rubuta yanzu bai adana ba.

3.1 Hanyoyi Uku na Haɗa Fuskokin

Hanya ta farko ita ce shafi biyu. Shafin dubawa ba shi da gurbi ko ɗaya, sai rubutu da maɓallin Gyara. In an danna shi, sai a tafi shafin gyarawa. In an adana, sai a dawo shafin dubawa. Wannan ita ce mafi sauƙin fahimta, kuma ita ta fi dacewa da bayani mai nauyi kamar suna da ranar haihuwa.

Hanya ta biyu ita ce shafi ɗaya mai sauya fuska. In an danna Gyara, rubutun da ke shafin sai ya koma gurabe a inda yake. Sharaɗinta shi ne kowane abu ya tsaya a mazauninsa. Idan Lambar waya tana layi na huɗu a lokacin dubawa, kada ta koma layi na tara a lokacin gyarawa. Wajibi ne kuma kan shafin ya faɗa a sarari cewa yanzu ana cikin gyara.

Hanya ta uku ita ce gyaran gurbi ɗaya-ɗaya. Kusa da kowane bayani akwai kalmar Gyara, wadda ke buɗe wannan gurbin shi kaɗai. Ta dace da bayanan da ba su danganci juna ba, kamar lambar waya da adireshin imel. Ba ta dace da jiha da ƙaramar hukuma ba, domin sauya ɗaya yana tilasta sauya ɗayar.

Akwai inda buɗaɗɗen fom ya fi amfani. Jami'in jarrabawa da ke shigar da makin ɗalibai 200 ba zai so danna Gyara sau 200 ba. Ma'aunin dai shi ne a tambaya: wannan shafi, an fi zuwa dubawa ne ko an fi zuwa rubutawa? Wanda ya fi yawa shi ne zai zama fuskar farko.

3.2 Kullen Gurbi

HTML ya tanadi hanya biyu ta hana rubutu a gurbi. Ɗaya ana rubuta ta readonly, mu kira ta kullallen gurbi. Ɗayar ana rubuta ta disabled, mu kira ta mataccen gurbi. A ido sun yi kama, amma aikinsu daban ne. Abin da ke cikin kullallen gurbi ana tura shi zuwa sabar tare da sauran fom. Abin da ke cikin mataccen gurbi ba a tura shi. Saboda haka idan mai tsarawa ya kashe gurbin suna, sabar kuma ta ɗauki rashin zuwan suna a matsayin an share shi, ɗalibin da ya zo gyara lambar waya zai tashi ba shi da suna a rumbu. Garin neman gira an rasa ido.

Abu na biyu, duka kullen nan a burauza suke, wato a hannun mai amfani, kuma wanda ya san kan kwamfuta yana iya cire su. Don haka dole sabar ta sake bincikawa da kanta ko wannan mutum yana da ikon sauya wannan bayani.

4.0 Wa Ke da Ikon Gyara Me?

Kafin a zana shafi, sai a jera bayanan a kasa su gida uku.

Gida na farko, waɗanda mai su zai gyara duk lokacin da ya so: lambar waya, adireshin gida, sunan wanda za a tuntuɓa in wani abu ya faru.

Gida na biyu, waɗanda mai su zai nemi a gyara, amma sai ya kawo shaida wani jami'i ya amince: suna, ranar haihuwa, ƙaramar hukumar asali.

Gida na uku, waɗanda mai su zai gani kawai: lambar rajista, maki, ranar da aka biya kuɗi.

Fom nagari ba ya kulle gurbi ya yi shiru. Yana faɗin dalili, yana kuma nuna hanya. Alal misali, tun daga 2021 sunan mai rajistar JAMB da ranar haihuwarsa daga rumbun hukumar NIMC ake ɗauko su ta hanyar lambar NIN. Duk makarantar da ta gina fom a kan bayani irin wannan, ya kamata ta rubuta a ƙarƙashin gurbin inda bayanin ya fito da inda ake zuwa gyara shi. Layi ɗaya na rubutu zai hana ɗalibi yawo daga ofis zuwa ofis. Wannan kuma ba alfarma ba ce. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ba mutum haƙƙin ganin bayanin da wata hukuma ko kamfani ke riƙe da shi a kansa, da haƙƙin neman a gyara in akwai kuskure.

5.0 Matsalolin da Suka Shafi Harshe

5.1 Suna

Yawancin fom ɗinmu an gina su ne a kan al'adar Turawa ta sunan farko, da na tsakiya, da na dangi. Bahaushe kuwa yana da sunan yanka, yana da laƙabi, sannan a makaranta akan haɗa masa da sunan mahaifi ko na gari. Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Sa'adu Zungur, da Sule Katagum duk sunan wuri ne ke biye da sunansu. Idan fom ya ce a rubuta sunan dangi, wani zai sa na mahaifi, wani na kaka, wani na gari, kuma mutum ɗaya yana iya sa wannan bana ya sa wancan baɗi. Ga kuma bambancin rubutu. Muhammad, da Muhammadu, da Mohammed suna ɗaya ne a kunnenmu, amma a wurin kwamfuta mutum uku ne.

Maganin yana fuskar dubawa. Bayan gurabe uku, fom ya haɗa sunan ya nuna shi a layi ɗaya da manyan haruffa, ya ce: ga yadda sunan zai fito a takardar shaida. Kada kuma fom ya yi karambanin gyara wa mutum rubutun sunansa. Mai suna shi ya san sunansa.

5.2 Haruffa Masu Lanƙwasa da Alamar Ɗauri

Ni da na koyi Hausa bayan harshen gidanmu, na san wuyar da na sha kafin na bambance kasa da ƙasa, da baki da baƙi, da fada da faɗa. Abin takaici ne a ce bayan wannan wahala fom ya mayar da Ɗanladi Danladi, ya mayar da Baƙo Bako. Ba Hausa kaɗai abin ya shafa ba, Fulfulde ma tana da ɓ da ɗ.

Uzurin cewa kwamfuta ba ta san haruffan ba ya daɗe da faɗuwa. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowannensu lamba: ƙ tana da U+0199, ɗ tana da U+0257, ɓ tana da U+0253. Akwai ma ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a inda mu muke rubuta 'y. Abin da ake buƙata shi ne shafin, da sabar, da rumbun bayanai, da takardar da za a gurza duk su yi amfani da tsarin UTF-8. In ɗaya ya kuskure, sai harafin ya koma alamar tambaya ko ɗan akwati. A nan gyara yake zama haɗari. Idan fuskar gyarawa ta ɗauko suna a lalace, mutum ya sauya lambar wayarsa ya adana, lalataccen sunan zai danne na ƙwarai. Shi ya sa ya fi kyau fom ya tura abin da aka sauya kawai.

Alamar ɗauri ma tana shan wuya. Fom da yawa ba sa karɓar Sa'adu, ko A'isha, ko Isma'ila, ko sunan maƙwabciyarmu Jama'are. Dalili shi ne wannan alama tana da aiki a harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, kuma ɓarayin intanet suna fakewa da ita su cusa nasu umarnin. Amma akwai sananniyar hanyar tura umarni daban, bayani daban, wadda ke toshe wannan ƙofa ba tare da an yanke wa kowa suna ba.

Sai dai a yi hattara. Layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba su ɗaukar komai sai haruffan A zuwa Z, da lambobi, da alama guda ta cike gurbi. Ɗalibin da takardunsa suka ce Danladi, kada ya je ya sauya ɗaya daga ciki don kishin harshe, ya jawo wa kansa saɓani. Mai tsarawa na iya yin gurbi biyu: suna kamar yadda yake a takardun hukuma, da suna kamar yadda mai shi yake rubutawa. Wajen nema kuma, wanda ya buga Bako ya kamata a nuna masa har da Baƙo.

5.3 Sunan Wuri

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Jihar Bauchi tana da 20 daga ciki. Ba a barin mutum ya rubuta su da hannu, ana jero masa ne ya zaɓa, jiha tukuna sannan ƙananan hukumominta. Duk da haka yankinmu yana da tarko. Hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum ita ce Azare, garin Katagum kuwa shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Ga kuma masarautar Katagum wadda ta fi su duka faɗi. Mai shago ya tambayi yaro daga ina yake, ya ce Katagum, sai a zaɓa masa ƙaramar hukumar da ba tasa ba. Fuskar dubawa da ta jera gari, da ƙaramar hukuma, da jiha a layi ɗaya za ta tona wannan kuskure nan take.

Haka kuma jihar asali, da wurin haihuwa, da wurin zama abubuwa uku ne, kowanne da laƙabinsa. Wanda aka haifa a garin Gombe a 1990 a Jihar Bauchi aka haife shi, domin sai a 1996 aka ƙirƙiri Jihar Gombe. A fuskar gyarawa kuwa, in an sauya jiha, dole gurbin ƙaramar hukuma ya koma babu komai, fom ya nemi a sake zaɓa.

5.4 Kwanan Wata da Lambobi

Idan aka rubuta 04/07/2003, mu a Nijeriya 4 ga Yuli muke karantawa, a Amurka kuwa 7 ga Afrilu ne. Wannan shi ne ramin da na faɗa. A fuskar gyarawa a yi gurbi uku masu laƙabi: Rana, Wata, Shekara, watan kuma a zaɓe shi da sunansa. A fuskar dubawa a rubuta shi cikakke: 4 ga Yuli, 2003.

Lambar waya kuma ba lissafi ake yi da ita ba. Lambobi 11 ne masu farawa da sifiri, in aka ajiye su a matsayin adadi sai sifirin ya faɗi. A ajiye su a matsayin rubutu, haka ma NIN da BVN.

6.0 Kalmomin da Ke Kan Fom

Tun a 1990 aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, domin malamai su daidaita bakinsu a kan kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya. Wannan ƙa'ida ita fom yake buƙata. Ga shawarata:

Gyara: buɗe fuskar gyarawa.
Adana: ajiye abin da aka rubuta, ana iya dawowa a sauya.
Miƙa: turawa ta ƙarshe, wadda bayanta sai da izinin jami'i.
Fasa gyara: komawa fuskar dubawa ba tare da an sauya komai ba.
Share: cire bayani daga rumbu.

A lura ban yi amfani da Soke ba. Ɗalibin da ya ga Soke a ƙasan shafin rajistarsa zai ji tsoron ko rajistar ce za a soke. Fasa gyara ba ta da wannan harshen damo. Haka nan kada Share ya zauna kusa da Adana, domin yatsa ya fi maɓallin waya faɗi.

Akwai matsalar da Bature ba shi da ita. Wakilin sunansa na mutum na biyu ɗaya ne, namu kuwa uku ne: ka, ki, ku. Fom bai san ko namiji ne a gabansa ko mace ba. Rubuta ka/ki a kowane layi yana gajiyar da ido. Mafita biyu ce: ko a yi amfani da ku na girmamawa, ko a yi amfani da a na boyayyen mai aiki, kamar A rubuta lambar waya. Duk wadda aka ɗauka, a tsaya a kanta har ƙarshen fom. Maɓallai ba su da wannan damuwa, domin umarni irin Adana da Gyara ba ya nuna jinsi.

Saƙon kuskure kuma ya amsa tambaya uku: ina ne, mene ne, yaya za a yi? Kwatanta waɗannan biyu:

An samu kuskure.
Lambar waya ba ta cika ba. An rubuta lambobi 10, ana buƙatar 11.

Na farko tsawa ce, na biyu jagora ne. Saƙon ya fito kusa da gurbin da abin ya shafa, kuma kada a dogara da jan launi kaɗai, saboda akwai masu matsalar bambance launi, akwai kuma mai duba waya a tsakiyar rana.

7.0 Bayan An Danna Adana

Na ɗaya, kafin a zartar da gyara mai nauyi, a nuna tsohon bayani da sabo gefe da gefe, a nemi tabbaci. Gani ya kori ji. A yankinmu wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci, domin sau da yawa mai bayanin ba shi ne mai bugawa ba. Shafin tabbatarwa shi ne lokacin da mai shago zai juyo da fuskar kwamfuta ya ce, karanta.

Na biyu, idan sabis ya ɗauke ko aka samu kuskure a gurbi ɗaya, kada fom ya share sauran abin da aka rubuta. In an danna Adana, maɓallin ya daina karɓar danni har sai amsa ta zo, don kada a tura abu sau biyu.

Na uku, bayan an adana a mayar da mutum fuskar dubawa, a nuna masa abin da rumbu ya karɓa, tare da faɗin abin da aka sauya.

Na huɗu, mutum biyu suna iya buɗe bayani ɗaya a lokaci guda. Ɗalibi yana gyara adireshi a wayarsa, magatakarda yana gyara masa suna a ofis. In ba a yi tanadi ba, wanda ya adana daga baya zai danne aikin na farko. Tanadin shi ne a ba kowane bayani lambar zubi, wadda ke ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da aka adana. Wanda ya zo da tsohuwar lamba sai a ce masa: an sauya wannan bayani bayan kun buɗe shi, a sake dubawa.

Na biyar, a ajiye tarihin gyara. Magatakardan ƙwarai ba ya kankare kuskure a rijista, yana jan layi ne a kai, ya rubuta daidai a gefe, ya sa hannu da kwanan wata. Rumbu ma ya riƙe wanda ya yi gyara, da lokacin, da abin da ke wurin a da. Wannan yana kare ɗalibi daga zalunci, yana kuma kare ma'aikaci daga zargi.

8.0 Aikin Gwaji

(a) Ɗauki takardar rajistar kwasa-kwasanka, ka kasa bayanan da ke ciki gida uku kamar yadda aka yi a 4.0.
(b) Zana fuskar dubawa da fuskar gyarawa a takarda biyu, duka da Hausa, kowane bayani a mazauni ɗaya.
(c) Rubuta saƙon kuskure ga wanda ya zaɓi 31 ga Afrilu, da wanda ya bar gurbin suna babu komai, ba tare da ka ko ki ba.
(d) Ba wani wanda ba ɗan jami'a ba zanenka, ka ce ya nuna maka yadda zai sauya lambar wayarsa. Kada ka taimake shi. Duk inda ya tsaya yana tunani, a nan gyaranka yake.

9.0 Kammalawa

An ga cewa dubawa da gyarawa ayyuka ne biyu, kowanne da fuskar da ta dace da shi, kuma shiga gyara ya kamata ya zama da niyya, da iko, da shaida. An kuma ga cewa yawancin kurakuran da ke wahalar da mutanenmu daga suna, da harafi, da sunan wuri, da kalmar da ke kan maɓalli suke tasowa. Mai rubuta manhaja ya san yadda zai kulle gurbi, amma ba lalle ne ya san bambancin Soke da Fasa ba, ko dalilin da ya sa garin Katagum ba ya cikin ƙaramar hukumar Katagum. Mu da muka karanta harshe muna da kujera a teburin da ake wannan aiki, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kafin mu kai can, ga abin da kowannenmu zai iya yi. Duk ranar da ka raka ƙane ko ƙanwa cike fom, ka roƙi mai shago ya juyo da fuskar kwamfutar, ku karanta suna harafi bayan harafi, ku karanta watan haihuwa da sunansa, ku duba ƙaramar hukuma, sannan a danna Miƙa.